Hannun da ke kan Akwatin Hajo

Kwana tara ke nan da Malam Ɗanliti ya rantse Munir ba zai sake taka ƙofar gidansa ba, kuma kwana tara ke nan 'yarsa Raliya ba ta ci abincin kirki ba. Ta rame har awarwaronta yana zamowa da kansa. Duk wanda ya san Raliya da surutu da tsokana, in ya gan ta yanzu ta rafka tagumi a bakin gado, dole ya tausaya mata, ko da ya san ita ta jawo.

Don gaskiya ita ta jawo.

Munir shi ne saurayin da ta ce in ba shi ba sai dai ta zauna haka. Tun da yaƙi ya koro ɗalibai daga Khartum ya dawo Gadarif ya tarar gari ya cika maƙil, sai shi da abokansa biyu, Awad da Yahya, suka cusa kansu a ɗaki ɗaya bayan kasuwar hatsi. Daga faɗan da suke yi kullum a kan wa ya cinye ful, dafaffen waken nan na karin kumallo, wa ya fita da takalmin wani, Munir ya fito da wasan barkwancin da yake sakawa a intanet. Ya raɗa masa Gidan Azzaba, wato gidan gwauraye.

Ba kamfani, ba ubangida. Da kaka yakan tafi Simsim yankan riɗi har hannunsa ya faffashe, abin da ya samo ya sayi fitila da abin ɗaukar magana. Kyamara kuwa wayarsa ce mai tsagaggen gilashi, a ɗaure da roba a jikin sandar tsintsiya. Shi ke ɗauka, shi ke haɗawa, shi ke fitowa. Abin da masu kallo ba su sani ba shi ne, rabin maganganun da ke kayar da su da dariya Raliya ce ke rubuta su a bayan tsohon littafinta na jami'a.

Malam Ɗanliti, dillalin riɗi ne da ake tashi a ba shi wuri a kasuwa, kuma tun farko yaron bai kwanta masa ba. Yakan ce shekara nawa suna fama a daina yi wa Hausawa dariya a garin nan, ga wani ya zo yana tara mutane su yi. Sau uku Munir yana zuwa gaisuwa, ko sau ɗaya ba a miƙa masa finjalin jabana ba, gahawar da a gidan nan ko mai tallan gawayi in ya tarar ana sha sai an zuba masa. Duk da haka Raliya ta yi ta lallaɓa mahaifinta har ya ce bayan girbi manyan yaron su zo a ji.

Sai maganar akwati ta taso.

Hajo, mahaifiyar Malam Ɗanliti, ta baro Auyo tana amarya, ita da mijinta Mijinyawa, da niyyar Makka. Guzuri ya ƙare a Gadarif, suka ce su tsaya su yi noman shekara ɗaya. Shekarar ce ta zama sittin da ɗoriya. Mijinyawa ya rasu an binne shi a nan, 'ya'ya da jikoki sun cika gida, amma har gobe in ka ce wa Hajo 'yar Gadarif ce sai ta harare ka. Ita matafiya ce, hutawa kawai ta tsaya yi.

Shaidarta akwatin ƙarfe ne kore da ke ƙarƙashin angarib ɗinta, gadon nan na igiya, kullum a kulle, kwadon yana duban gabas. A kan murfin akwai shatin ɗan ƙaramin hannu da shuɗin fenti. Jikoki sun girma suna ganinsa, ba wanda ya taɓa tambayar na waye.

Daga kakarta Raliya ta ciro gwauron da ta rubuta wa Munir: mutumin da ya shekara uku a ɗaki bai kwance kayansa ba, ba ya shara, ba ya wanke kwano, wai shi matafiyi ne, gobe zai wuce. Suka nemi akwatin da zai dace suka rasa. Ranar da Hajo ta tafi Doka sunan jika, Raliya ta jawo akwatin ta ɗora a raksha, babur mai ƙafa uku, ta mayar da shi kafin tsohuwa ta dawo. A zatonta tsoffin zannuwa ne a ciki.

A cikin wasan Munir ya zauna a kan akwatin, ya ci ful a kai, ya kaɗa shi kamar ganga. Sannan ya ɗora tafinsa a kan ɗan hannun nan ya dubi kyamara ya ce tun yana wannan girman yake shirin tafiya. Wannan fitowar ta fi duk na baya tashi. Har masu lodin buhu a kasuwa, in an kira su aiki, sai su ce su matafiya ne.

Kamal ne ya kai wa Malam Ɗanliti wayar. Ɗan Hajj Babiker ne mai gonakin inji a Doka, ya jima yana zarya gidan a farin boksinsa, motar nan a-kori-kura, turarensa yana riga shi shigowa. A faɗi gaskiya Kamal ba mugu ba ne. Mutum ne dai da bai taɓa neman abu ya rasa ba, kuma ya gaji da gaishe da yarinyar da ke amsa masa tana duban bango. A gaban sauran dillalai ya kunna, yana dariya, yana cewa ai kamar ya san akwatin nan.

Malam Ɗanliti bai yi dariya ba. Ya dawo gida da rana tsaka ya kira Raliya bayan ɗakin girki, inda tsohuwa ba za ta ji ba.

"Kin san abin da ke cikin akwatin nan?"

Ta ce zannuwa ne.

"Likkafanin uwata ne, ya bitti, 'yata. Da haramin ubana da Allah bai ba shi ikon ɗaurawa ba. A kansu yaron nan ya zauna ya ci ful, duniya tana dariya."

Raliya ta durƙusa ta riƙe gefen jallabiyarsa tana kuka, tana rantsuwa Munir bai sani ba, ita ta ɗauka, ita ta kai, in duka ne ita za a daka.

"Yaba, don Allah. Ni ce mai laifin. Shi ko kwadon bai taɓa ba."

"Ba zan ɗaura miki wanda ba kya so ba, ban taɓa yi wa 'yata ko ɗaya ba. Amma wannan, ina numfashi, a'a. Halas, magana ta ƙare."

Ya ƙara da cewa duk wanda ya bari maganar ta kai kunnen Hajo, shi da shi ne.

Da ta samu ta kira Munir a waya, ta gaya masa abin da ke cikin akwatin. Da ya yi magana kuka ne a muryarsa. Ya ce shi ma jikan matafiya ne, kakansa a Simsim ya mutu yana cewa baɗi, ta yaya bai yi tunani ba? Ya ce yanzun nan zai goge fitowar, in ta so ma ya goge Gidan Azzaba gaba ɗaya, duk wahalar riɗin ta tafi.

"Ko ka goge, an riga an gani," ta ce, hawaye na shiga bakinta. "Munir, na kashe mu da hannuna."

Bai samu ya goge ba. A ranar intanet ya ɗauke a Gadarif, kamar yadda yake yi tun da aka fara yaƙi, ya yi mako guda bai dawo ba.

Ranar ta tara da la'asar, Malam Ɗanliti yana zaune a ƙarƙashin rakuba, rumfar tsakar gida, shi da Kamal, tukunyar jabana a kan garwashi, ƙanshin citta ya cika tsakar gida. Raliya ce aka sa ta kawo finjalai. Tana ajiyewa ta ji sallama daga ƙofa, ta juya da sauri, don ko a cikin kasuwa ba za ta ɓata wannan muryar ba.

Munir ne, ƙura har gwiwa, waya a hannu.

Malam Ɗanliti ya miƙe a hankali. Kamal ya gyara zama, irin zaman mai jiran kallo.

"Ya walad, kai yaro, ba a gaya maka rantsuwata ba?"

Munir ya tsaya daga waje, ƙafarsa ba ta ƙetare dokin ƙofa ba. Ya ce an gaya masa, kuma ba don Raliya ya zo ba. Saƙo ne aka ba shi amana zuwa ga Habboba Hajo, wato kaka Hajo, in ya isar sai a kore shi yadda aka ga dama.

Kafin maigida ya amsa, labulen ɗakin tsohuwa ya motsa. Hajo ta fito tana dogara sanda, 'yar ƙaramar tsohuwa da ta ƙanƙance, amma idonta garau.

"Bar shi ya shigo, Ɗanliti. Rantsuwarka ni zan ɗauki nauyinta. Ina son in ga wanda ya hau min akwati."



Hajo ta dubi Raliya ta ce tun daren da ta dawo daga Doka ta sani. Shekara sittin kwadon nan yana duban alƙibla, ta dawo ta tarar yana duban ɗakin girki. Shiru kawai ta yi ta ga iyakar wayon 'yan zamani.

Aka shimfiɗa mata darduma. Munir ya durƙusa nesa da ita, ta yafito shi har sai da ya matso. Ya fara neman gafara, ta ɗaga hannu ta ce a fara nuna mata abin, ba ta yafe abin da ba ta gani ba.

Ya kunna. Hajo ba ta taɓa kallon wasa a waya ba. Ta kai fuskarta kusa, ta leƙa bayan wayar, ta sake dawowa gaba. Ga akwatinta a cikin tafin hannu, ga wani ɗaki da ba ta sani ba, ga yaron da ke durƙushe a gabanta yana tafiya yana magana a ciki. Ta yi ta salati ƙasa-ƙasa. Da aka zo inda gwauron ya ƙi ɗaukar tsintsiya wai shi matafiyi ne, kafaɗunta suka girgiza, ta rufe baki da gefen tob, mayafin da ta lulluɓa. Raliya ta rantse daga baya dariya ce, Malam Ɗanliti ya ce tari ne.

Da aka zo wurin ful kuwa ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana duban Munir har ya sunkuyar da kai.

"Saƙon fa?" ta ce.

Munir ya yi bayani a gajarce. Jiya da intanet ya dawo ya shiga don ya goge, sai ya tarar da saƙonni sun fi ƙarfin karatu. Daga Port Sudan, daga Jidda, daga Maraɗi, daga Kano, kowa yana cewa kakarsa ma tana da irin akwatin nan, wasu suna turo hoton nasu. A cikinsu akwai wani ɗan Auyo da ya turo saƙo sau goma sha. Ya ce yana kallo a tsakar gidansu, kakarsa ta leƙo daidai inda aka nuna murfin, ta ƙwace wayar ta ƙi saki. Ita ce ta yi magana aka naɗa.

Ya danna. Muryar tsohuwa ta fito, siririya, da irin Hausar da a gidan nan Hajo kaɗai ke yin ta.

"Yaya Hajo, in kina raye, ni ce Kulu. Hannuna ne a kan akwatin nan. Ranar da Baffa yake rubuta sunan mijinki da shuɗin fenti na tsoma hannu na dafa. Kika mare ni, kika ce na ɓata miki kayan Makka, sannan kika ba ni ƙuliƙuli don kada in faɗa wa Inna. Inna ta rasu da daɗewa, Baffa ma. Duk alhajin da ya dawo garin nan sai mun je mun tambaye shi ko ya gan ki. Na ce musu Yayata ba ta faɗin abu ta fasa. Kin isa kuwa, Yaya?"

Saƙon ya ƙare.

Jabana ta tafaso ta zube a kan garwashi, ba wanda ya sauke ta. Raliya ta ji tsigar jikinta ta tashi tun daga ƙafa. Wasan da suka yi da sandar tsintsiya da tsagaggiyar waya, a ɗakin da ko taga ba shi da ita, shi ne ya bi hanyar da kakarta ta yi wata bakwai tana tafe, ya koma baya har tsakar gidan da ta baro, ya nemo yarinya 'yar shekara bakwai da ta zama tsohuwa. Tsoron Allah ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba ko a masallaci.

Hajo ta miƙa hannu ta shafa gilashin wayar da ɗan yatsa.

"Sake," ta ce.

Ya sake. Sau uku yana sakewa. A na ukun ne Malam Ɗanliti ya zauna daɓas a kan tabarma ya rufe fuska da rawaninsa. Mutum ne mai shekara hamsin da tara da bai taɓa jin muryar ɗan'uwan uwarsa ko ɗaya ba. Tun yana yaro ya ɗauka Auyo suna ne kawai da tsohuwa ke kira in zazzaɓi ya kama ta. Kamal ya ajiye finjalinsa a hankali, kunya ta rufe shi, bai san inda zai sa idonsa ba.

Hajo ta tambaya ko abin nan yana kai magana kamar yadda yake kawowa. Munir ya ce yana kaiwa, ya danna ya riƙe mata kusa da baki.

Hajo ta gyara murya. Wannan matar da ko jikokinta ba su isa su ce mata ta zauna ke nan a Gadarif ba.

"Kulu, ni ce. Ban isa ba. Ina Gadarif, nan na tsaya." Sannan ta ci gaba. "Sunan Mijinyawa ya goge tuntuni, hannunki ne ya ƙi gogewa. Kullum in zan kwanta sai na dafa shi. Ki yafe min marin."

Raliya ta fashe da kuka ta faɗa jikin kakarta. Hajo ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta ɗan ture ta, ta ce ita ba ta mutu ba tukuna, a rage na ranar.

Sai ta juya ga Munir. Ta ce ya shiga ɗakinta, ƙarƙashin angarib, ya jawo mata akwatin, tana son a nuna wa Kulu shi da kyau, ba da kwanon ful a kai ba.

Nan Malam Ɗanliti ya ɗago, idanunsa jajur.

"Inna, ni zan ɗauko. Kin san abin da ke ciki. Bare ba ya taɓa shi."

"Na sani. Ni na koya maka."

"To yaya za ki ce..."

"Ya riga ya taɓa, Ɗanliti. Ya ɗauka, ya zauna a kai, ya kai shi har Auyo ya dawo. Ni kuwa ba za a naɗe ni a likkafanin da bare ya hau ba, kuma ba zan sake wani ba, wannan da Mijinyawa muka saya." Ta gyara riƙon sandarta. "Sai ka san yadda za ka yi yaron nan ya daina zama bare. Kuma ka hanzarta, ni matafiya ce."

Raliya ta kasa duban mahaifinta, ta kasa duban Munir, sai ta zuba wa garwashi ido. Ta san halin Yaba. Bai taɓa janye magana a gaban mutane ba, ga kuma Kamal zaune yana ji.

Kamal ya tashi ya yi sallama a hankali, ya ce ana jiransa a Doka. Ba wanda ya ce ya ƙara zama. Aka ji tashin boksinsa har ƙarar ta ɓace.

Malam Ɗanliti ya daɗe yana duban mahaifiyarsa, ya dubi 'yarsa da ta rame a kwana tara, ya dubi ƙafafun yaron masu ƙura da hannayensa da riɗi ya faffasa. Sannan ya jawo tukunyar jabana daga kan wuta, ya ɗauki finjalin da ba a sha da shi ba, ya goge shi da gefen rawaninsa da ke jiƙe da hawaye. Abin da ya rage a tukunyar bai fi rabin finjali ba, duk ya ƙone.

Ya zuba, ya miƙa wa Munir ba tare da ya dube shi ba.

"Sha tukuna," ya ce. "Sannan ka wanke hannu ka ɗauko wa kakarka akwatinta."